Kafin ka murƙushe ƙwaron nan, ɗauki hotonsa

Manoman tumatir ba su manta da 2016 ba. A shekarar ce tsutsar da ake kira Sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna har da nan Filato, kwandon tumatir ya gagari talaka. A shekarar ce kuma aka fara tabbatar da ɓullar baƙuwar tsutsar masara a Najeriya, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take. Abin da ke ci mini rai a aikin malamin gona shi ne, idon manomi ne ke fara ganin baƙon ƙwaro, amma labarin ba ya iso mu sai gona ta riga ta ƙone.

Shi ya sa nake so in yi muku maganar wani ƙwaro tun da wuri. Masana suna kiransa Halyomorpha halys, mu dai mu ce masa ƙwaro mai wari, don in ka taɓa shi sai ya saki wani ɗoyi da ke manne wa hannu. Asalinsa ɗan ƙasashen Sin da Japan da Koriya ne. An gano shi a garin Allentown na jihar Pennsylvania a Amurka a ƙarshen shekarun 1990, zuwa 2010 ya jawo wa masu gonakin tuffa na wannan yankin asarar kusan dala miliyan 37 a kaka ɗaya. An gano shi a yankin Modena na Italiya a 2012.

Tafiyar ƙasa da ƙasa ba da fiffikensa yake yi ba. Idan sanyi ya shigo, sai ya nemi lungu ya lafe: cikin kwantena, cikin katako, cikin injin mota. A 2018 ƙasar New Zealand ta kori jiragen ruwa masu ɗauke da motoci daga Japan saboda an same shi a ciki. Ku tuna yawan motocin tokumbo da kayan kwantena da ke shigo mana, ku kuma tuna abin da muke nomawa a Vom da Mangu da Bokkos. Wannan ƙwaron yana cin tsirrai fiye da ɗari, cikinsu har da tumatir, tattasai, masara, wake, waken soya da tuffa.

Ɓarnarsa ba irin ta tsutsa ba ce da za ka ga ganye a huhhuje. Bakinsa kamar allura yake, ya soka cikin ɗan itacen ya tsotse. Daga baya wurin ya lotsa, in ka yanka ka tarar da tsokar ta yi tauri ta sauya launi. Ɗan tumatir ɗin bai ruɓe ba, amma dillali a kasuwar Farin Gada ta Jos ba zai saya da daraja ba. Ba ya cizon mutum, wannan kam ku kwantar da hankalinku.

Darasin da na fi so mu ɗauka daga Italiya yake. Da ƙwaron ya ɓulla a yankin Modena, masanan jami'ar garin ba su da ma'aikatan da za su zagaya kowace gona. Sai suka roƙi jama'a: duk wanda ya gan shi, a gona ko a bangon ɗaki, ya turo hoto ko shi ƙwaron, ya faɗi wuri da rana. Da waɗannan saƙonnin na manoma da ɗalibai da mutanen gari aka zana taswirar yaɗuwarsa. Wannan aikin bai fi ƙarfinmu ba. Wayar da muke tura hotunan biki da ita ta isa.

Ga kamanninsa. Tsawonsa bai kai santimita 2 ba, faɗinsa kamar farcen ɗan yatsa, siffarsa kamar garkuwa, launin ƙasa mai dabbare-dabbare. Babbar shaida ita ce farin zobe a jikin gashin nan biyu na kansa, da kuma baƙi da fari a jere a gefen cikinsa. Ƙwansa a bayan ganye yake, dunƙule guda, wajen 28. Muna da namu ƙwarin masu wari na gida da suke kama da shi, irin masu tsotsar kwanson wake, har mu malaman gona sai mun duba da kyau. Saboda haka kada ka ce tunda ba ka tabbatar ba bari ka yi shiru. Turo kawai, mu tantance.

Kuma don Allah, Malam, kada ka fara da feshi. Ka zuba kuɗinka a maganin da wataƙila bai dace ba, ka kashe ƙudan zuma da ƙwarin da ke taimakon gonarka, sannan ka ɓatar da shaidar.

Ka ɗauki hoton bayansa a wuri mai haske, ka ajiye kwalin ashana kusa da shi don a gane girmansa. Ka rubuta sunan ƙauye, ranar, da shukar da ka same shi a kai. Ka tura wa malamin gonar yankinku, ko ka ɗora a manhajar iNaturalist in kana da data, kyauta ce. Shi kuma ƙwaron, ka jefa shi cikin kwalba mai murfi ka adana, za mu zo mu karɓa.