Kwamfutata za ta ɗauki wannan manhaja? Kuma yaya zan haɗa ta da intanet?

Mene ne sharuɗɗan da ake rubutawa a jikin manhaja?

Su ne abin da manhajar ke nema kafin ta yarda ta zauna a kwamfuta: ƙarfin firosesa (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki), yawan RAM (wurin riƙe aikin da ake kan yi) da girman ma'ajiya. Windows 11 da Microsoft ta fitar a 2021, alal misali, tana neman RAM gigabait 4, ma'ajiya gigabait 64, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Wannan guntun ne ya kayar da tsofaffin kwamfutoci da yawa, alhali lafiyarsu ƙalau.

Idan na cika mafi ƙarancin sharaɗi, shi ke nan?

Manhajar za ta buɗe, amma buɗewa daban, jin daɗin aiki daban. Da RAM gigabait 4, ka buɗe shafuka goma a Chrome, ka ƙara da Word, sai ka ga kibiyar linzami tana jan ƙafa, fanka na ta kuka, ka danna harafi sai an jima ya fito. Shi ya sa idan an rubuta mafi ƙaranci da kuma wanda aka fi so, na biyun za ka duba. Ni dai ba na ba kowa shawarar ƙasa da gigabait 8.

Ta ina zan ga abin da ke cikin tawa?

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta dxdiag. Za ka ga firosesa da RAM ɗinka.

Kebul ya fi ko Wi-Fi?

Idan kwamfutar ba ta yawo, kebul ɗin Ethernet ya fi kwanciyar hankali, kuma yana kaiwa mita 100 daga rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida. A Wi-Fi, zangon 2.4 GHz ya fi ratsa bango, 5 GHz ya fi gudu amma ba ya nisa. Kada dai a ɓoye rauta a bayan firji.

Na biya kuɗin 20 Mbps, me ya sa saukewa ke nuna 2.5 kawai?

Ba lallai an cuce ka ba. Kamfanoni na ƙirga gudu da bit, kwamfuta na ƙirga fayil da bait, kuma bit 8 ne ke yin bait ɗaya. Mbps na nufin megabit a daƙiƙa: raba 20 gida takwas, ka sami megabait 2.5 a daƙiƙa. Fayil mai gigabait 1 zai ci kusan minti 7, matuƙar babu wani a gidan da ke kallon bidiyo a lokacin.