Mene ne "tsarin Propp" da ake sa kwamfuta ta ƙaga tatsuniya da shi?

Masu binciken yadda kwamfuta za ta ƙirƙiro labari ba sa rabuwa da sunan Vladimir Propp, masanin Rasha da ya fitar da littafinsa kan ƙirar tatsuniya a Leningrad a 1928. Ya ɗauki tatsuniyoyi kusan 100 daga tarin tatsuniyoyin Rasha da wani marubuci, Afanasyev, ya tattara, ya tsefe su, sai ya ga sunaye da kaya ne kawai ke sauyawa. A wata tatsuniyar sarki ya ba jarumi gaggafa ta kai shi wata masarauta, a wata boka ya ba jarumi mai suna Ivan ɗan kwalekwale, a wata kuma gimbiya ta ba shi zobe. Abin da ya faru ɗaya ne: an ba jarumi abin sihiri, ya yi tafiya da shi.

Irin waɗannan matakai Propp ya ƙirga 31, daga fitar wani daga gida har zuwa ɗaurin aure, tare da rawa 7 da 'yan wasa ke takawa, kamar mugu, mai kyauta da jarumin ƙarya. Baba Yaga, wata tsohuwa a tatsuniyoyin Rasha mai bukka a kan ƙafafun kaza, sau da yawa mai kyauta ce: ta gwada yaro, in ya ci, ta ba shi doki ko wani abin taimako. Ba kowace tatsuniya ke da duk matakan ba, amma jerinsu ba ya juyawa.

Wannan jerin ne ya ja masu kwamfuta. Bayan fassarar littafin zuwa Turanci a 1958, Joseph Grimes ya gwada a Meziko farkon shekarun 1960, Sheldon Klein ya biyo a Jami'ar Wisconsin a shekarun 1970, daga baya Pablo Gervás a Madrid. Manhaja kan zaɓi matakai bi da bi, ta raba wa kowa rawarsa, ta cusa sunaye.

A ganina nan gizo ke saƙar. Propp ya rubuta littafinsa ne don warware tatsuniyar da ke akwai, bai tsara shi don gina sabuwa ba. In dodo ya sace gimbiya a farko, dole ita za a ceto a ƙarshe, kuma dole takobin da aka bayar a tsakiya ya yi aiki a faɗan. Manhajar da ke bin jeri kawai takan manta da wannan, sai jarumi ya dawo gida da doki alhali gimbiya tana hannun dodo. Shi ya sa Gervás ya ƙara ƙa'idojin da ke ɗaure mataki da wanda ya gabace shi.