Nauyin al'umma da ke wuyan kamfani da muradun ci gaba mai ɗorewa

Idan aka ce nauyin al'umma da ke wuyan kamfani, wanda a takardun kasuwanci ake taƙaitawa da haruffan CSR, ana nufin cewa duk kamfanin da yake neman riba a cikin jama'a akwai haƙƙoƙin da suka rataya a kansa bayan biyan haraji: haƙƙin ma'aikatansa, da na unguwa ko ƙauyen da ya kafa masana'anta a ciki, da na ƙasa da ruwa da iskar da yake amfani da su. Mafi yawanmu a Katsina ta fuska ɗaya muka san abin, wato rabon shinkafa da sukari da azumi, ko aji biyu da aka shafe da fenti mai launin wani banki, ko rijiyar burtsatse mai allo ɗauke da sunan wanda ya haƙa. Duk wannan alheri ne, amma shi ne ɓangare mafi ƙanƙanta na maganar.

Su kuwa muradun ci gaba mai ɗorewa, ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya, har da Najeriya, su ne suka amince da su a watan Satumba na 2015. Guda 17 ne, da ƙananan ƙudurori 169 a ƙarƙashinsu, kuma wa'adinsu shekarar 2030. Sun gaji muradun ƙarni guda 8 da aka yi aiki da su daga 2000 zuwa 2015, kuma 'yar Najeriya Amina Mohammed tana cikin waɗanda suka ja ragamar tsara su, lokacin da take mai ba sakatare janar Ban Ki-moon shawara. Abin da ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye yana cikin muradi na 12, inda aka buƙaci kamfanoni, musamman manya, su gyara hanyoyin sarrafa kayansu, su kuma riƙa bayyana tasirin aikinsu a cikin rahotannin da suke fitarwa.

Daidaita nauyin kamfani da waɗannan muradu yana farawa ne daga cikin gida, kafin a zo ga kyauta. A ɗauki mai gidan ruwan leda a cikin birnin Katsina, wanda yake zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa dare da rana, ledojinsa kuma suna toshe magudanan ruwa da damina. Muradi na 6 da ke magana kan ruwa da tsafta, da na 12, su ne nasa, kuma abin da ake jira daga gare shi shi ne ya tsara yadda za a tattara ledar, ya kuma lura ko rijiyoyin maƙwabtansa sun fara ja baya. Haka mai sayen auduga a Funtua, wanda babbar hidimarsa ga muradin yaƙi da talauci ita ce ya auna kaya da ma'auni na gaskiya, ya biya manomi a kan lokaci. Gidan burodin da yake ƙona itace tirela-tirela alhali hamada tana matsowa ta Daura da Mai'adua da Zango da Baure, shi ma ya san inda nasa alhakin yake.

Sai maganar awo, kuma a nan ne na ga ya kamata a fi tsayawa. Kowa ya san rijiyar da aka buɗe da taro da jawabai, aka ɗora tanki da farantan sola, bayan shekara guda injin ya ƙone, ba wanda aka ɗora wa gyara, yara suka koma bin 'yan garuwa da jarkoki. A rahoton kamfani an rubuta cewa an samar da ruwa, amma a ma'aunin muradun ba a yi komai ba, domin abin da ake ƙirgawa shi ne gidajen da suke ci gaba da samun ruwa mai tsafta. Da an ware kuɗin gyara tun farko, an horar da makanike daga cikin garin, an kafa kwamiti da mai unguwa da mata a ciki, da aikin ya rayu. Dashen itatuwa ma haka yake, don shukar da ba a killace daga awaki ba, ba a kuma tanadi mai ban ruwa da rani ba, ba ta kaiwa baɗi.

Ta fuskar doka, ƙasashe sun bambanta. Indiya ta wajabta wa manyan kamfanoni, a dokarta ta 2013, kashe kashi 2 cikin 100 na ribarsu a kan ayyukan al'umma. A Najeriya, dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta tilasta wa kamfanonin haƙar mai zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsu na shekarar da ta gabata a asusun al'ummomin da suke aiki a cikinsu, amma ga sauran kamfanoni yawancin abin ganin dama ne. Kada kuma a haɗa wannan da zakka, wadda take da nisabinta da mutanen da shari'a ta ware a ba. Fitar da ita bai ɗauke wa mai masana'anta haƙƙin leburan da yake shaƙar ƙura babu takunkumi ba.

Tun da ganin dama ne, ƙarfin jama'a yana wurin tambaya. Kafin hakimi ko dagaci ya sa hannu a ba kamfani fili, yana da kyau a ji mutum nawa za a ɗauka aiki daga garin, ina za a zubar da gurɓataccen ruwa, wa zai ɗauki nauyin gyaran abin da aka gina, sannan a rubuta amsoshin a takarda, a ajiye kwafi a fadar hakimi da ofishin ƙaramar hukuma.