Tsananin sanyi ba shi ke kawo dusar ƙanƙara mai yawa ba

A teburin mai shayi a Garwa ko Marwa, da an ga hoton motoci binne cikin dusar ƙanƙara a Amurka sai a ce: "To ina ɗumamar duniyar?" An ɗauka sanyi kaɗai ke kawo ta.

Dubi hunturunmu. Sanyi har ƙashi, amma busasshe, ko ɗigo babu. Dusar ƙanƙara sai da danshi, iska mai tsananin sanyi kuwa kaɗan take riƙewa, shi ya sa tsakiyar Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke can kudancin duniya, hamada ce. An fi tafka dusar ƙanƙara idan ma'aunin zafi yana kusa da sifili, kuma duk ƙarin digiri 1 na zafi, iska na ƙara ɗaukar danshi kusan kashi 7 cikin 100.

A Disamba 2022 tafkin Iri, da ke iyakar Amurka da Kanada, bai daskare ba. Iska mai sanyi ta bi ta kansa, ta kwashi tururi, ta jibge wa birnin Bafalo na Amurka dusar ƙanƙara fiye da mita 1.

Nan gaba, saboda ɗumamar duniya, lokacin sanyi zai gajarta, wurare da yawa ruwan sama zai maye gurbin dusar ƙanƙara. Amma inda ma'auni ke sauka ƙasa da sifili, guguwa guda tana iya zarce duk na baya.