Bushewar Gulbi Ba Ta Mayar Da Shi Mallakar Kowa

Akwai wata fahimta da ta daɗe a tsakanin jama'ar Maraɗi, cewa da zarar ruwan Gulbin Maraɗi ya janye bayan damina, cikinsa ya koma hannun masu gonakin da ke gaɓarsa, saboda haka hukuma ba ta da ikon taɓa abin da mutum ya ajiye ko ya yasar a ciki. Wannan kuskure ne.

Dokar ruwa ta Nijar, wadda aka kafa a shekarar 2010, ta sanya gulabe da tafkuna cikin dukiyar ƙasa da al'umma ke amfana da ita, kuma irin wannan dukiya ba a sayar da ita, daɗewar mutum yana amfani da ita ma ba ta mayar da ita tasa. Don haka ruɓaɓɓen kwale-kwalen da aka bari a bakin tafkin Madarumfa, ko tarin shara da ɓaraguzan gini da amalanke ke juyewa a cikin gulbi, hukuma tana da hurumin umartar mai su ya kwashe, idan ya ƙi ta kwashe da kanta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake raina hatsarin. Na ga yadda tsohuwar taya da buhunan leda suka tare bakin wata magudana, yashi ya taru a bayansu, ruwan farko da ya sauko ya karkata ya shiga gidajen mutane. Ambaliyar gulbin nan ce ta rushe tsohon garin Maraɗi a 1945, har aka tayar da garin zuwa kan tudu.