Ƙwayoyin zinariya a gwajin sankara: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Wai mene ne ƙwayoyin nan?
Zinariya ce ƙanana ƙwarai, faɗin kowace nanomita 20 zuwa 40 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). A cikin ruwa ja take, ba rawaya ba. Ana manna mata antibodi, wato furotin ɗin garkuwar jiki da ke kama abu takamaimai, shi kuma ya cafke furotin ɗin da ake nema a jini, kamar PSA (na furostet, wata gaɓa ta maza a ƙarƙashin mafitsara) ko AFP (wanda kan hau a sankarar hanta). A katin gwaji, wani antibodin da ke kan layi ne ke tsayar da ƙwayoyin da suka cafko furotin ɗin, taruwarsu ta fito da jan layi. Jan layin katin gwajin maleriya ma yawanci ita ce.

In layi ya fito, ina da sankara ke nan?
A'a. Kumburin furostet na tsufa kan ɗaga PSA ya wuce nanogiram 4 a mililita. AFP na hawa ga mai ciki da mai ciwon hanta nau'in B. Sai an ɗauki hoto, an gwada ɗan yankin tsoka, kafin a yanke hukunci. Kwantar da hankalinka, ka je wurin likita.

Ruwan ƙwayoyin zinariyar da na haɗa ya koma shuɗi.
Ƙwayoyin sun cure, zubar. Ko gishiri ya shiga, ko kwalbar ba ta wanku ba, ko ka sa shi a firiza. A digiri 4 na ma'aunin Celsius ake ajiye shi.

Katin na aiki da ruwan gwaji da aka zuba wa furotin ɗin da ake nema, amma da jinin majiyyaci layin ya dushe. Ina matsalar?
Nan kam ba amsa ɗaya. Na fi zargin furotin ɗin jini, irin su albumin, da ke lulluɓe ƙwayar su toshe bakin antibodi. Ka rufe guraben da suka rage a jikin ƙwayar da BSA (albumin na jinin shanu) kashi 1 cikin ɗari, ka kuma sirka jinin. Wataƙila kuma tun farko antibodin bai zauna ba. Gyara pH (ma'aunin tsamin ruwa) zuwa tsakanin 8 da 9 kafin haɗa ƙwayoyin da antibodi, sannan ka ɗiga ruwan gishiri kashi 10 cikin ɗari a ɗan samfur: in ya tsaya ja, antibodi ya rufe ƙwayoyin, in ya sauya launi, ƙara antibodi.

Akwai matsalar da ta fi ba ni tsoro. Idan furotin ɗin da ake nema ya yi yawa fiye da kima, yakan cike antibodin ƙwayar da na layin daban-daban, haɗuwa ta gagara, layi ya dushe. Sai a sallami mai sankarar hanta da ta yi nisa a ce lafiyarsa ƙalau. Sirka samfurin sau 10, sau 100, ka sake. In layin ya ƙara duhu, ita ce.

Duk waɗannan ba su ne ba? Duba ajiya. Zafin bazara da raɓar damina na lalata kati da zarar an farke ledarsa.

Zan iya karanta sakamako bayan awa ɗaya?
Kada ka kuskura. Minti 15 zuwa 20, ko abin da takardar katin ta ce. In layin tabbatarwa, wanda ke nuna katin ya yi aiki, bai fito ba, gwajin ya ɓaci, ɗauko sabon kati.