Rage jiragen kamun kifi ba shi ke dawo da kifi ba

A kasuwar kifi ta Kado da ke Abuja, da zarar kwalin titus ya yi tsada za ka ji ana cewa jirage ne suka yi yawa a teku, a rage su kifi ya dawo. Maganar ta daɗe, amma ba haka abin yake ba.

Tarayyar Turai ta shafe shekaru tana biyan masunta su farfasa jiragensu. Sau da yawa masu tsofaffin jirage waɗanda dama can ba sa fita sosai ne suka karɓi kuɗin. Waɗanda suka rage kuwa suka ƙaro na'urar gano garken kifi da manyan taru, suka kwashe abin da aka bari. A 2011 masu binciken kuɗin Tarayyar suka ce shirin bai daidaita ƙarfin jirage da kifin da ke akwai ba.

A ganina, gyaran yana ga ƙayyade tan nawa za a kama, da hana raga mai ƙananan idanu, da sa ido a wurin sauke kaya. Ko shi ma sai an jira: Kanada ta rufe kamun kod (wani babban kifin teku) na kasuwanci a arewa maso gabashin tsibirinta na Newfoundland a 1992, ba ta ɗage haramcin a hukumance ba sai 2024.